Jan Biro da Allo Zayyana: Tukuici da Rubutun Faransanci a Makarantun Damagaram

Yaron da aka sa lakwal a Damagaram yakan shiga ajin CI, wato ajin farko, yana ɗan shekara shida ko bakwai. A miƙa masa ɗan allon hannu da alli, a soma koya masa rubutu cikin harshen da ba a taɓa aiken sa da shi ba, ba a kuma taɓa rarrashin sa da shi ba. A gida Hausa ake yi, ko Barbarci idan an nausa wajen Gure, ko Buzanci a Damargu, ko Fulatanci a ruga. Faransanci sai cikin aji, da an tashi kuma ya bar shi a bakin ƙofa. Duk da haka da shi za a yi ta auna shi, tun daga jarrabawar aji har BEPC da BAC. Abin da makaranta take jan sa da shi a tsawon waɗannan shekaru kowa ya san shi: maki bisa 10 a firamare, bisa 20 a kwaleji da lise, matsayin na ɗaya ko na biyu da ake karantawa a gaban aji, sai kyautar ƙarshen shekara, kaye, wato littafin rubutu, ko biro ko littafin karatu.

Malamai da iyaye sun yarda cewa wannan tukuici yana ƙara wa yaro himma, kuma ba su yi ƙarya ba. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne, himmar yin me? Abin da nake son nunawa a nan shi ne, a ajin Faransanci an ɗaure ladan ne a wuyan rashin kuskure, kuma ladan da aka ɗaure haka yana koya wa yaro ya rage rubutu, ya fake da hadda, ya guji duk jimlar da ba shi da tabbas a kanta. Wanda yake koyon baƙon harshe kuwa ba ya ci gaba sai ta hanyar jimlolin da ba shi da tabbas a kansu.

Tsarin yana da asali. Sojojin Faransa sun ci Zinder, wato birnin Damagaram, a ƙarshen watan Yulin 1899 bayan karon Tirmini, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga ba da jimawa ba, kuma daga 1911 zuwa 1926 garin ne hedkwatar mulkin mallaka kafin a mayar da ita Yamai. Sabbin masu mulki suna bukatar tafintoci da akawuna, don haka suka buɗe lakwal. Jama'a ba su yi marhabin da ita ba. A wurare da yawa manya sukan ɓoye ƴaƴansu su tura na barori. Makarantar da ba a so dole ta nemi abin jan hankali da abin tsoratarwa. Abin jan hankalin shi ne albashi da kujerar ofis, ga ƴan ƙalilan kuma tafiya makarantar William Ponty a Senegal, inda irin su Bubu Hama da Diori Hamani suka yi karatu. Abin tsoratarwar shi ne sambol: wani ƙashi ko guntun itace ko gwangwani da ake rataya wa yaron da aka ji yana Hausa a harabar makaranta, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa, wanda abin ya yini a wuyansa ya sha hukunci. Dattawan da suka yi lakwal a wancan zamani har gobe suna ba da labarinsa. Darasin da sambol ya koyar ya wuce hana Hausa. Ya nuna wa yaro cewa wanda ya kama bakinsa ba ya shiga uku.

Masana biyu na Kanada, Robert Gardner da Wallace Lambert, sun rarrabe tun 1959 tsakanin mai koyon harshe don yana son cuɗanya da masu shi da mai koyon sa don wata biyan bukata. Faransanci a Damagaram ya shigo ne ta ƙofa ta biyu, kuma a nan ya zauna. Wannan ba aibu ba ne, don tuwon gobe ake wanke tukunya. Sai dai harshen da ake koyo don takardar shaida kaɗai yakan tsaya daidai inda mai gyaran jarrabawa ya tsaya.

Mu duba yadda ake gyaran. Sarauniyar darussan rubutu a tsarin Faransa ita ce dikte, wato shifta, kuma tsohuwar ƙa'idarta da ta zagaye makarantun Afirka ta Yamma ita ce kuskure biyar sifiri. Ana fara wa yaro da cikakken maki ne, a yi ta zaftarewa. A shifta wannan yana da hujja, tunda ƙa'idar rubutu ake aunawa. Matsalar ita ce idon da ya saba da zaftarewa shi ne yake gyara insha'i.

A ɗauki misalin ajin CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, da aka ce su bayyana ranar kasuwa. Yarinya ta farko ta rubuta gajerun jimloli shida da ta haddace tun bara: yau ranar kasuwa ce, kasuwa ta cika, ƴan kasuwa suna sayar da kaya, masu saye suna ciniki, da yamma kowa ya koma gida yana murna. Wannan kasuwa ba ta Dole ba ce, ba ta Mirya ba ce, ba ta ko'ina ba ce. Ba kuskure ko ɗaya. Na biyu yaro ne da yake raka kawunsa kasuwar dabbobi ranar Alhamis. Yana son ya faɗi yadda dillali ya buɗe bakin rago ya duba haƙora, yadda mai ragon ya ce albarka har sau uku, yadda aka kusa rabuwa sai wani dattijo ya sa baki. Labarin ya faru jiya, don haka sai ya shiga rikicin lokutan aikatau na Faransanci. Bai san kalmar dillali ba sai ya kewaya. Ya cika shafi guda da rabi. Kayensa ya dawo jajir. Ta farko ta sami 8, shi ya sami 3, aka karanta a gaban aji. Da ya yi ƙarfin hali ya ce, "Mushe, ai nawa ya fi tsawo," amsar da zai samu ita ce kuskurensa ma ya fi yawa. Malamin bai zalunce shi ba, ma'aunin da aka ba shi ya bi. To amma sauran yara sun ga abin da ya faru, gani ga wane kuwa ya ishi wane. A insha'i na gaba shi ma jimla shida zai rubuta.

Binciken masana halayyar ɗan Adam ya ba da haske a kan wannan. A 1971 Edward Deci ya wallafa gwajin da ya yi da ɗaliban jami'a a Amurka: ya ba su wani wasan haɗa gutsattsari mai jan hankali, ya biya wasu dala ɗaya a kan kowane wanda suka warware. Da aka daina biya, waɗanda suka saba karɓa sai sha'awarsu ta ragu. A 1973 Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett suka gwada ƙananan yara masu son zane. Waɗanda aka yi wa alkawarin takardar yabo tun kafin su fara, bayan ƴan kwanaki sai aka ga lokacin da suke ba zane don kansu ya ragu ƙwarai, zanen da suka yi don kyautar ma bai kai na sauran kyau ba. Waɗanda kyautar ta zo musu ba zato ba su canza ba. A 1985 Teresa Amabile ta matso da zancen kan rubutu: ta sa matasan marubuta su tsara gajeriyar waƙa, ta tuna wa wasunsu kuɗi da suna da ake samu a rubutu, sai waƙoƙinsu na biyu suka fito da ƙarancin fasaha a idon alƙalai. A 1999 Deci da Richard Koestner da Richard Ryan suka tattara gwaje-gwaje 128, suka ce kyautar hannu da aka yi alkawarinta tana rage sha'awar aikin da dama mutum yake so, amma kalmar yabo mai gaya wa mutum abin da ya iya ba ta yin wannan ɓarna.

Wanda ya fi kusa da ajinmu shi ne aikin Ruth Butler na 1988 a kan yara 132 ƴan aji biyar da shida. Ta mayar wa wasu aikinsu da maki kawai, wasu da ɗan sharhi kawai, wasu da duka biyun. Masu sharhi kaɗai ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa wa maki da sharhi ba su fi masu maki zalla ba, domin da ido ya faɗa kan lamba, ba ya komawa kan bayani. Masu rauni kuma su ne makin ya fi kashe wa gwiwa. Duk malamin da ya taɓa raba kaye ya san wannan: yaro ya buɗe, ya dubi lambar, ya leƙa ta maƙwabcinsa, ya rufe.

Sai dai kuskure ne a kwaso wannan bincike a jibge shi a Damagaram ba tare da tacewa ba. Su kansu masanan ba bakinsu ɗaya ba. Judy Cameron da David Pierce sun yi musu a 1994 cewa an zuzuta illar kyauta. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, duk gwaje-gwajen can an yi su ne a kan aikin da mutum yake so tun farko. Kyauta tana kashe sha'awar da take raye. Yaron ƙauyen Magarya da bai gane abin da mushe yake faɗa ba, wace sha'awar Faransanci gare shi da za a kashe? Kuma a gidan da ake lissafin ko yarinya ta je aji ko ta ɗauki talla, abincin rana a makaranta ko tallafin karatu shi ne yake yanke hukunci. A Kenya, Michael Kremer da Edward Miguel da Rebecca Thornton sun bi diddigin wani shirin ba da tallafin karatu ga ƴan matan da suka yi fice, suka tarar a gundumar Busia maki ya tashi har a wajen waɗanda ba su da alamar ci, malamai ma sun rage fashi. Wanda ya ce a hana talaka irin wannan don kare tsarkin sha'awa bai san yunwa ba. Haka nan aikin maimaici, kamar haddar jadawalin aikatau, ba abin da ƴar kyauta za ta ɓata masa.

Ashe tambayar ita ce a kan me aka ɗora kyautar. A nan gwajin Roland Fryer, wanda ya fito a 2011, ya cancanci a tsaya a kansa. A birnin New York an biya yara kuɗi idan makinsu ya tashi. Makin bai tashi ba. Yaran suna son kuɗin, amma ba su san abin da za su yi makin ya tashi ba. A birnin Dallas an biya ƴan aji biyu dala biyu a kan kowane littafi da suka karanta, abin da yake hannun yaro ne ya yi ko ya bari. Masu Ingilishi a gida suka ƙaru. Yaran da harshensu na gida Sifaniyanci ne kuwa sakamakonsu baya ya yi. Kyauta ɗaya, gari ɗaya, amma ta amfani mai harshen ta bar baƙonsa. Tukuici yana iya tura yaro ya yi abin da ya iya, ba ya ba shi iyawar da ba shi da ita. Idan aka tuna cewa a binciken PASEC na 2014 yaran Nijar da suka kai matakin karatu mai gamsarwa a ƙarshen firamare ba su kai 10 cikin 100 ba, a na 2019 kuma suka kai wajen 30, za a ga cewa kyautar na ɗaya da na biyu da na uku tana yawo ne a tsakanin ƴan tsirarun da ke layin gaba. Saura sun san tun watan farko ba da su ake ba.

Damagaram tana da wata tsohuwar makarantar rubutu cikin harshe na biyu, wadda ta riga lakwal da nisa. A zamanin Sarki Tanimun da Larabci fada take rubuta wasiƙa zuwa Kukawa, kuma malaman da suke rubutawa daga makarantar allo suka taso. Almajiri yakan durƙusa ya miƙa allonsa ya ce, "Allah gafarta Malam, ga shi." Malam ya bi layi da yatsa, ya tsaya inda wasali ya kauce, ya gyara nan take. Idan karatun ya zauna a wanke allon, kuskuren ya bi ruwa, ba wani littafi da aka ajiye shi a ciki. Ba na ɗaya, ba na ƙarshe. Kowa yana inda ƙarfinsa ya kai shi. Ladan yana zuwa ne a matakai: ƴar sadaka idan an kai wata sura, sai ranar sauka a yi wa yaro allo zayyana da tawada kala-kala, a ɗinka masa sabon kaya, a yi walima, ya karanta a gaban dangi. Zayyanar wani ba ta rage ta wani. Ba ina wanke tsangaya ba ne, akwai dorina a cikinta, kuma rubutunta kwafi ne da hadda. Gardin da yake rubuta satu da ka ba lalle ne ya iya tsara wasiƙar Larabci ba sai ya zauna gaban malamin littattafai. Amma abubuwa biyu nata sun dace da abin da bincike ya gano: kuskure abin wankewa ne, lada kuma na wanda ya kammala ne, ba sai ya kayar da wani ba.

A Zinder ɗin nan kuma aka fara gwada maganin matsalar daga tushe. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar, a jikin makarantar horon malamai ta garin, inda yara suke fara karatu da rubutu da Hausa, Faransanci ya shigo sannu a hankali. Daga baya aka faɗaɗa gwajin zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci da Barbarci. Masu bin diddigi sun tarar yaran suna saurin iya karatu, suna magana a aji, kuma Faransancinsu a ƙarshen firamare bai gaza na sauran ba. Wannan ya yi daidai da abin da Jim Cummins ya bayyana a 1979, cewa iya tsara tunani a rubuce da yaro ya samu a harshensa yana bin sa zuwa harshe na biyu. Yaron da ya taɓa rubuta labarin dillali da rago da Hausa, aka karanta aka yi dariya, ya ɗanɗani wani lada da ba a saya a kanti: an gane abin da yake nufi. Da wannan ɗanɗano yake shiga Faransanci. Abin takaici, makarantun sun shekara da shekaru da sunan gwaji, ba su wuce ƴan gomomi ba, ko da yake dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan ƙasa. Ɗaya daga cikin dalilan lada ne: takardar shaida da aikin gwamnati da Faransanci ake samun su, don haka iyaye da yawa suka ɗauki ajin Hausa a matsayin ragin da aka yi wa ƴaƴan talakawa. Babban tukuicin da ke ƙarshen hanya ya fi ƙarfin duk abin da aka gyara a farkonta.

Kada a ɗauka gasa ba ta haifar da rubutu. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 ta zaburar da mata da yawa, har da na Nijar. Amma duk waɗannan mutane ne da suka mallaki harshen, suna da labari a ciki, gasar ƙofa kawai ta buɗe musu. Haka su ma manyan marubutan Faransanci na Damagaram. André Salifou, wanda jami'ar garin take ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin daular a ƙarni na 19 da wasan kwaikwayo a kan Tanimun domin yana da abin faɗa game da garinsu. Abdoulaye Mamani ya sha gudun hijira da kurkuku kafin Sarraounia ya fito a 1980. Kyautar adabi ta Bubu Hama ta zo masa ne a 1993, ya rasu a haɗarin mota a hanyarsa ta zuwa Yamai karɓar ta. Abin faɗa ne ya riga, kyauta ta biyo baya.

Me malami zai iya yi a ajin da ya cika maƙil, wani lokaci a rumfar zana, ga albashin kwantiragi da ba ya isa? Ba zai iya rubuta wa kowa sharhi ba, gaskiya ne. Zai iya raba makin insha'i gida biyu, na abin da aka faɗa da na ƙa'ida, don kada kuskuren aikatau ya cinye labarin rago. Zai iya barin rubutun farko ba maki, ya zaɓi nau'in kuskure ɗaya ko biyu a gyara, sannan a sake rubutawa. John Truscott ya ce a 1996 gyaran nahawu a rubutun harshe na biyu ba shi da amfani sam. Dana Ferris ta mayar masa da martani a 1999 cewa gyaran da aka zaɓa da kyau yana da amfani. Ko wanne aka bi, ba wanda ya goyi bayan a rine shafi duka da ja. Zai iya ba da kyautar ƙarshen wata ga duk wanda ya cika shafukan da aka yanka, ko wanda ya fi kansa na watan jiya. Zai iya kuma samo wa rubutun mai karatu na gaske: ajin Matamai ya rubuta wa ajin Tanut wasiƙa, amsa ta dawo. Yaron da abokin wasiƙarsa bai gane jimlarsa ba zai gyara ta ba tare da an yi masa alkawarin komai ba. Duk wannan ba zai yi nisa ba idan masu tsara jarrabawa a Yamai da masu horar da malamai a makarantar Askiya Muhammad ba su sake ma'aunin gyara ba, domin malami yana koyar da abin da za a auna ɗalibinsa da shi ne.

Yanzu kuma babban ladan kansa yana motsi. A watan Maris na 2025 Nijar ta sanar da ficewa daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ga yaron unguwar Birni ko Zango wannan dama ce da aka daɗe ana jira. Amma idan Hausa ta shiga ɗakin jarrabawa da tsohon ma'auni, matsalar wuri kawai za ta sake. Ɗan Gure mai Barbarci da ɗan Tubawan Taskar a wajensu Hausa ma harshe na biyu ce, Faransanci na uku. Shi kansa Badamagare zai tarar cewa Hausar da yake yi a gida ba daidai take da ta littafi ba, ga ƙa'idar rubutun da gwamnati ta tsayar a 1999 wadda malamai da yawa ba a horar da su a kanta ba. Malamin da zai zaftare maki a kan kowace ƙugiyar da aka manta a kan ɗ ko ƙ, da kowace kalmar karin harshen gida, zai sami jimloli shida na hadda da Hausa kamar yadda yake samun su da Faransanci.